Bashi Ba Laifi Ba Ne: Laccar Wani Lauya Kan Caje, Kamu Da Waranti

(An rubuto wannan lacca daga rikodin ɗin wani taron wayar da kai da matasan unguwa suka shirya a Fagge, Kano, wata Asabar bayan La'asar. Mai jawabin lauya ne. An bar maganar yadda ta fito daga bakinsa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ana jina a baya? Malam, ɗan rage wannan lasifikar, tana kuka. Yawwa, ta yi.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma. An ce an ba ni minti arba'in. Wanda ya ba lauya minti arba'in, ai bai san lauya ba. (dariya) Amma zan yi ƙoƙari.

Kafin mu fara, duk wanda aka taɓa sakawa a bayan kanta ya ɗaga hannu. Ba kowa? To, wanda ya taɓa zuwa caji ofis belin wani fa? Kun gani, hannu ko'ina. Ashe 'yan'uwanku ne kullum ake kamawa, ku waliyyai ne. (dariya)

Abu biyar na rubuto: tsayarwa a hanya, caje, kamu, waranti, sai beli. Kuma duk abin da zan faɗa ba daga kaina na ƙago shi ba. Akasarinsa yana cikin dokoki uku. Akwai kundin tsarin mulki na 1999. Akwai Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta maye gurbin wadda muka gada daga Turawa tun 1943. Sai dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Jihar Kano ta 2019, wadda aka ɗora a kan ta tarayya ta 2015. Kafin nan da CPC, tsohuwar dokar gudanar da shari'ar laifuka, muke aiki a Arewa tun 1960, tsofaffin ma'aikatan kotu sun san ta kamar Fatiha.

Na farko, tsayarwa a hanya. Ka fito daga Sabon Gari a adaidaita sahu, ko ka hau babur ɗinka, an ɗaga maka hannu. Tsaya. Wannan ba ya buƙatar lauya. Tsaya, kashe injin, hannunka ya kasance inda ake gani, musamman da daddare. Mai bindiga shi ma tsoro yake ji, kuma tsoron mai bindiga ya fi naka hatsari. In ya nemi lasin da takardun mota da inshora, haƙƙinsa ne, ba shi.

Amma in zai caje ka, doka ta ɗora masa sharaɗi. Dole ya kasance yana da dalilin zargi mai ma'ana, misali yana zaton kana ɗauke da kayan sata ko makami ko ƙwaya. Dole ya kasance cikin kaki, ko katin shaidarsa yana rataye ana gani. Kuma kafin ya taɓa ka, ya faɗa maka sunansa, da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilin da ya sa yake nemansa a jikinka. Ku matasa, ku saurari wannan: sashe na 54 na Dokar 'Yan Sanda ya ce askinka, ko irin kayan da ka saka, ko shekarunka, ba su isa su zama dalilin zargi ba. Wancan yaron mai tarin suma a layi na uku, doka tana tare da kai. Babanka ne dai ban sani ba. (dariya)

Na biyu, cajen kansa. A bainar jama'a, tufafin sama kawai ake lalubawa. Ba a tuɓe mutum a titi. Mace kuma mace ce ke caje ta. Waya fa? Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da maganarka ta waya. A Oktoban 2020, dab da zanga-zangar EndSARS, Sufeto Janar na lokacin ya fitar da umarnin hana binciken wayoyin mutane a kan titi, kuma rundunar ta sha maimaitawa tun daga nan. To amma mu a Kano mun san bala'in ƙwacen waya, mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda waya. In ka sayi ta hannu a Farm Centre ko Beirut, ka karɓi rasiti, ka ɗauki hotonsa ka ajiye. Tambayar "wayar nan taka ce?" daban, shiga WhatsApp ɗinka a karanta hirarka da matarka daban.

Gida kuwa, asali sai da takardar izinin bincike mai sa hannun alƙali ko majistare. Karɓi takardar ka karanta, ka duba adireshin, domin gidan maƙwabci ba gidanka ba ne. Ana yin binciken gaban shaidu, ka aika a kira mai unguwa ko dattijon layi. Duk abin da aka ɗauka a rubuta shi, a sa hannu. Akwai wuraren da doka ta togace, kamar an biyo mai laifi ya faɗa gidanka, nan ba a jiran takarda. Kuma ga wani abu da yake burge ni: dokar ta san da kulle. Tun a CPC, har zuwa ta 2015, an rubuta cewa in ɗakin na macen da a al'ada ko addini ba ta fita bainar maza ne, sai an yi mata sanarwa, an ba ta dama ta kimtsa ta kauce, sannan a shiga. "Ba shiga" ɗin da muke rubutawa a zaure, ashe doka ma ta karanta shi.

Wani zai ce, to in sun caje ni ba bisa ƙa'ida ba, suka sami abu, ai shari'a ta rushe. A fim ɗin Amurka ne ta rushe. A nan, sashe na 14 da na 15 na Dokar Shaida ta 2011 sun bar wa alƙali ya auna, kuma sau da yawa yana karɓar shaidar. Kada ka saka ƙwaya a aljihu ka ce Barista ya koya maka doka.

To, na uku, kamu. A nan zan zauna, ku yi haƙuri da ni, domin wannan ne yake hana ni barci.

Shekarun baya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wata baiwar Allah ta kira ni tana kuka, an kama mahaifinta. Na tashi na tafi wani caji ofis, ba zan faɗi wanne ba, kada ma a tambaye ni bayan taro. Na tarar da dattijo, ya haura saba'in, yana zaune a kan benci a bayan kanta. An karɓe hularsa, an karɓe takalminsa, carbinsa yana cikin wata leda a kan teburi tare da makullin gida. Mutumin da in ya fito layinsu yara ke tsugunawa su gaishe shi, ga shi kai ba hula, yana rufe furfurarsa da hannu don kunya. Yana da ciwon suga, tun azahar bai ci komai ba. Na durƙusa na ce, "Baba, me ka yi?" Ya ce, "Ɗana, wallahi ban sani ba. Sun ce in yaro ya zo za su sake ni."

Mene ne labarin? Ɗansa ya karɓi dilar shadda a hannun wani ɗan kasuwa, a kan zai kai Maraɗi ya sayar ya kawo kuɗi. Kasuwa ta juya, ya biya rabi, rabi ya maƙale, ya kashe waya don kunya. Mai kaya ya je ya kai ƙara. Aka zo gida ba a sami yaro ba, aka tafi da uba.

Jama'a, laifi biyu aka yi a daren nan, kuma ba dattijon ne ya yi ko ɗaya ba.

Na ɗaya, kama wani a madadin wani. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ya haramta shi. Sashe na 7 na dokar tarayya ta 2015 ya haramta shi. Jimla ɗaya ce tak, ba ta da "sai dai", ba ta da "amma". Ba a kama uba don ɗa, ba a kama mata don miji, ba a kama yaron shago don maigidansa. Kuma mu Musulmi sai mun jira 2015 kafin mu san wannan? Allah gafarta Malam, a gyara mini in na yi kuskure. A Suratu Yusuf, da aka sami ma'aunin sarki a kayan ƙaninsu, yayyen suka ce, yana da uba tsoho, ka riƙe ɗayanmu a madadinsa. Su da kansu suka miƙa wuya fa, ba kama su aka yi ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ce Allah ya tsare mu kama wani in ba wanda muka sami kayanmu a wurinsa ba, in mun yi haka mun zama azzalumai. Malam ya gyaɗa kai, to na tsira. (dariya) Wanda ya ce a kama ni ma ba a karɓa ba, balle tsohon da aka ɗauko daga kan buzunsa.

Na biyu, bashi. Bashi ba laifi ba ne. Ku maimaita. (jama'a: bashi ba laifi ba ne) Ban ce kada a biya ba fa! Na ga wani Alhaji ya haɗe rai, da alama ana riƙe masa kuɗi. (dariya) Alhaji, za a biya ka, in sha Allah, zan zo kanka. Abin da nake nufi, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda da sashe na 8 na dokar 2015 sun ce ba a kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai. Bashi, kuɗin haya, cinikin fili da ya lalace, tela da ya ƙi ɗinka kayan Sallah, duk ba aikin ɗan sanda ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli sun faɗa sun sake faɗa, har sun gaji: 'yan sanda ba ma'aikatan karɓo bashi ba ne.

To me ya sa ake yi kullum? A nan ne zan ɓata wa wasu rai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan sanda bai yi mafarkin dilar shadda ba. Wani ne ya taka da ƙafarsa ya je, ya ba da kuɗin mai, ya ce a ɗauko mini shi ya kwana biyu, zai fito da kuɗin. Wa ya je? Mu ne. Mu 'yan Kwari, mu 'yan Singa, mu 'yan Wambai, mu 'yan Dawanau. Yau kai ne ka sa aka ɗauko wani, gobe dilanka na Legas ya sa an ɗauko ka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan sandar da ka saya don a daki wani, ba a ƙona ta bayan an gama, ajiye ta ake yi.

Kuma kun san dabarar da ake yi. Ba wanda ke zuwa ya ce ina bin wane bashi, domin ya san za a ce ya tafi kotu. Sai a canza wa abin riga, a rubuta cin amana da zamba, sashe na 312 da na 322 na Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa. Lambobin nan biyu, wallahi akwai 'yan kasuwar da suka haddace su fiye da lambar wayar matansu. Yanzu ku fahimce ni, cin amana laifi ne na gaske, zamba laifi ce ta gaske. Bambancin yana wajen niyya da yanayin da kaya suka shiga hannu. In tun farko mutum ya zo da ƙarya, ya nuna maka shagon da ba nasa ba, ya ba ka sunan bogi, ko ya sayar da fili ɗaya ga mutum uku, wannan zamba ce, kai shi. In ka ba yaronka kuɗi ya kai banki ya wuce da su Kwanar Dawaki ya sayi mota, wannan cin amana ne, kai shi. Amma wanda kuka shekara biyar kuna ciniki, yana ɗauka yana biya, yana ɗauka yana biya, bana ya karye, wannan mai bashi ne. Allah ma cewa ya yi in yana cikin ƙunci a jira shi har ya sami sauƙi. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan me take? A rubuta bashi, a sa shaidu. Mu kuwa kayan miliyan goma sai mu bayar a kan "Allah ya kai mu bayan Sallah". Ba takarda, ba shaida, sai littafin da yaron shago ke rubutawa da biro mai tsallake. Ranar rigima sai a nemi ɗan sanda ya zama takardar da ba a rubuta ba.

Mu koma wajen dattijona. Na ce wa mai binciken, "Ranka ya daɗe, wane laifi ake zargin wannan bawan Allah da shi? A rubuta mini." Ban ɗaga murya ba. Ba a ɗaga murya a caji ofis, kowa da gidansa. Ya ce ai taimaka musu yake yi da bincike. Na ce mai taimako ai ba a cire masa hula. Muka jira DPO, ya zo wajen ƙarfe ɗaya, kuma in faɗi gaskiya, mutumin kirki ne, yana jin bayani ya ce a sallame shi. Akwai irinsu da yawa, kada ku ɗauka duk ɗaya ne. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da muka fito, tsohon nan bai tambayi haƙƙinsa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, mutanen layi sun ga lokacin da aka saka ni a mota?" Wata uku bai je masallacin layinsu ba, sai ya zagaya wata unguwa.

Wani abu kuma, takardar alkawari. Za a ce maka rubuta cewa za ka biya dubu ɗari biyar duk wata, ka sa hannu, ka tafi gida. Ko a ce wa uba, sa hannu ka ɗauki bashin ɗanka. Mutum yana son ya kwana a gidansa, sai ya sa. To ka sani, ka ɗaura wa kanka igiya. Lauya zai iya zuwa kotu ya ce an tilasta ka, amma aiki ne ja. Ka ce, cikin ladabi, ba zan sa hannu ba sai na yi shawara.

Yanzu Alhaji mai haɗe rai, ga naka. Ina za ka kai mai bashinka? Akwai kotun ƙananan basussuka, Kano ce ta bi bayan Legas wajen buɗe ta, a 2019. An tsara ta don a gama da wuri, kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya. Ina rage wa kaina kasuwa, amma gaskiya ce. Akwai kotunan Musulunci. Akwai sashen sulhu na babbar kotu a sakatariyar Audu Baƙo. Akwai shugabannin kasuwa, akwai mai unguwa ga shi zaune. Hukuncin kotu ana iya bin dukiya da shi. Kwanan sel kuwa ba ya haifar da kuɗi, sai dai a sayar da gadon matar mutum a kawo maka, ka ci da haƙƙi. Kuma ka sani, wanda ka sa aka tsare yana iya zuwa babbar kotu a ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki, ya haɗa ka da 'yan sandan ya yi ƙara. Sashe na 35 ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ka je karɓo miliyan ɗaya, a ce ka biya diyya. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Me? An miƙo mini takarda, wai saura minti biyar. Subhanallahi. Muna na nawa? Na uku? To na huɗu... a'a, bari in haɗa sauran a dunƙule, ku riƙe da sauri.

In an zo kama ka, kada ka yi kokawa, kada ka gudu, ko da kana da gaskiya. Turjiya laifi ne mai zaman kansa, sai ka shiga da babu ka fito da ɗaya. Tambayi dalili, dole a faɗa maka, kuma tsarin mulki ya ce cikin awa 24 a ba ka a rubuce da harshen da kake ji. Ankwa ba a saka ta sai ana tsoron za ka gudu ko za ka yi faɗa. Dole a sanar da danginka, ba da kuɗinka ba. Kana da ikon yin shiru har sai ka ga lauya ko wani wanda ka zaɓa, lura, ko wani wanda ka zaɓa, yayanka ma ya isa. Baki shi ke yanka wuya. Kada ka sa hannu a sitatimen ɗin da aka rubuta da Turanci ba a karanta maka da Hausa ba. In akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai ka gabanta, in babu, kwana biyu, ban da manyan laifuka masu hukuncin kisa. A cikin Kano wa zai ce babu kotu kusa? Ga Nomansland, ga Gyaɗi-Gyaɗi. Shi ya sa kamun Juma'a da yamma ya fi kowane kamu tsada, masu kai ƙarar bashi sun san haka. Duka da rataya haramun ne, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Belin 'yan sanda kyauta ne, yana rubuce a bangonsu, na san kuna dariya, ni ma na sani. Mace tana iya tsaya wa mutum, sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi ta don ita mace ce, Hajiyoyi kun ji. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, duk suna da ofis a Kano, kuma rundunar kanta tana da sashen karɓar ƙorafi. Na biyar... ai na faɗi beli. To shi ke nan, na gama ke nan? Akwai tambaya? Bawan Allah mai farar riga, a ba shi makirfo.

(Mai tambaya: Barista, Allah ya ƙara basira. Ba ka yi maganar waranti ba. Wani abokina ne, shekara uku da suka wuce suka yi faɗa da maƙwabcinsa, aka kai su kotu, aka ba da belinsa. Daga baya manya suka shiga aka sasanta a gida, bai sake komawa kotun ba. Yanzu an ce masa wai akwai waranti a kansa. Bayan shekara uku, ai ya mutu ko?)

Kai, Allah ya yi maka albarka, na huɗun ne na tsallake gaba ɗaya. Shugaban taro, a ƙara mini biyar, wannan ba ta barin gobe. Kuma ka gai da abokin naka. (dariya) Kullum aboki ne.

Malam, waranti ba ya mutuwa. Ba madara ba ce da za ta lalace. Yana nan da ransa har sai an zartar da shi, ko alƙalin ya soke shi. Shekara uku, shekara goma, yana cikin fayil yana jira.

Bari in bambance muku abu uku da muke cakuɗawa. Gayyatar 'yan sanda daban, DPO na iya aiko maka da ita, amma ba waranti ba ce. Sammaci daban, kotu ce ke cewa ka zo rana kaza da ƙafarka. Waranti kuwa umarni ne a kamo ka, kuma alƙali ko majistare ne kaɗai ke sa masa hannu, da sunanka da laifin da kwanan wata. Na abokinka shi ne wanda muke kira benci waranti: an kira shari'a, an kira suna sau uku a bakin ƙofa, ba kowa, mai gabatar da ƙara ya miƙe ya roƙa, alƙali ya bayar. Ana iya zartar da shi kowace rana, Lahadi ko ranar hutu, ranar Sallah ma. Kuma ɗan sandan ba dole ne takardar tana aljihunsa a lokacin ba, amma in ka nema dole a nuna maka da zarar hali ya yi. Ka nema, ka duba sunan da kyau. Musa Ibrahim nawa ne a Kano? An sha kamo mai suna irin na wani, katin ɗan ƙasa yana raba wannan gardamar.

Kuskuren abokinka, kuma kuskuren rabin garin nan ne, shi ne zaton sulhun zaure yana rufe fayil ɗin kotu. Manya sun yi aikin lada, amma alƙali bai halarci zaman ba. A takardarsa, mutum ne da aka ba beli ya tsere. Faɗa irin na maƙwabta yana cikin laifukan da doka ta yarda a sasanta, amma sai an je gaban alƙali, mai ƙara ya buɗe baki ya ce na yafe, a rubuta, a sallami shari'ar. Sannan wanda ya tsaya masa fa? Shi ma yana cikin ruwa. Kotu za ta kira shi ya kawo mutum, ko ya faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin da ya sa hannu a kai. Wannan ba kama wani a madadin wani ba ne, alkawarin da ya ɗauka da hannunsa ne.

Abin yi: kada ya jira a tare shi a shinge, ko a ɗauke shi a wurin ɗaurin aure. Wanda aka kamo aka kawo, alƙali yana iya soke belinsa ya aika shi ajiya Kurmawa ko Goron Dutse. Wanda ya zo da ƙafarsa, da lauya, da maƙwabcin nan a gefensa, da dattijo ɗaya cikin waɗanda suka yi sulhun, ya ce ranka ya daɗe rashin sani ne, labarinsa daban ne. Lauya ya fara zuwa wajen rajistara, a nemo lambar shari'ar, a ga ko ma warantin yana nan da gaske, domin wani lokaci an daɗe da korar ƙarar, wani ne kawai ke tsorata shi don ya ci kuɗinsa. In yana nan, a roƙi kotu ta janye shi. Maƙwabcin yana raye? Kuna gaisawa... au, suna gaisawa? (dariya) To alhamdu lillahi.

Ga kiran sallah can. Malam mai farar riga, kada ka tafi, ka same ni a ƙofar masallaci bayan Magariba. In akwai wata takarda da kotun ta ba abokin naka, ko ta beli ce, a nemo ta kafin Litinin. Allah gafarta Malam, a rufe mana da addu'a.